Hannun Baba ya yi barci, shi kuwa idonsa biyu

A watan Janairu, lokacin da sanyin Jos ke tilasta wa mutum ɗumama ruwan alwala, Baba ya zame a kasuwar Farin Gada. Ana sauke kwandunan tumatir, ya taka jiƙaƙƙen ganyen kabeji, ya tafi ƙasa, ya tokare da hannun dama. Shekararsa 68, yana da hawan jini, ga asma da ke taso masa duk hunturu. Kafin labari ya iso ni, abokan sana'arsa sun riga sun kai shi wurin mai ɗori. Ban ga laifinsu ba, abin da suka saba da shi ke nan. Bayan kwana huɗu yatsun suka kumbura har zoben azurfarsa ya nutse cikin nama, sai na matsa aka yi hoto. Ƙashin wuyan hannu ya karye har cikin gaɓa, likitan ƙashi ya ce sai an sa ƙarfe.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata tara a ɗakin tiyata ina taimaka wa likitocin da ke kashe zafi. Baba kuwa da ya ji kalmar tiyata, sai ya tuna wani abokinsa da aka ba maganin barci shekarun baya, bai farka ba. Ya kira ni da sunan da yake kirana da shi, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini: "Uwata, in dai sai an sumar da ni, a bar mini hannuna haka. Ko da hagu ne zan ƙarasa kwanakina."

Na ce, "Baba, ba wanda zai sumar da kai. Hannun kaɗai za a kwantar, kai kana ji kana gani."

Bai yarda ba sai da na kai shi lambu da baki. Na ce ya tuna yadda masu noman rani ke datse bakin kwata da ƙasa: ruwa yana nan yana gudu, amma bai isa kunyar da aka toshe ba. Haka zafi yake. Rauni yana hannu, amma sai jijiya ta kai saƙon zuwa laka, daga can zuwa ƙwaƙwalwa, sannan mutum ya ji. Ba jijiyar jini nake nufi ba, jijiyar ji da motsi. Saƙon yana tafiya ne ta wasu ƙananan ƙofofi a jikin jijiyar, inda sinadarin sodiyam ke shiga. Magunguna irin su lidokain da bufibakain waɗannan ƙofofi suke toshewa na ɗan lokaci, sai saƙon ya tsaya a hanya.

Jijiyoyin hannu daga wuya suke fitowa, saiwa biyar, su harɗe su rabu kamar kitso, su bi ta ƙarƙashin ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa, su sauka hammata. Ana iya tare su a gefen wuya, ko saman wannan ƙashi, ko ƙasansa, ko a hammata. Zaɓin wuri ba son rai ba ne. Aikin kafaɗa a wuya aka fi tarewa, amma a can akwai jijiyar da ke motsa tantanin numfashi, kuma maganin yakan kwantar da ita a ɓarin da aka yi allurar. Mai lafiyar ƙirji da wuya ya lura, mai asma kuwa zai iya jin numfashi ya yi masa kaɗan. A saman ƙashin kuma kan huhu yana kusa. Shi ya sa likita ta ce wa Baba a hammata za ta yi, tunda aikin a wuyan hannu yake.

Ranar aikin ban taɓa sirinji ba, abokiyar aikina ce ta karɓe ni, ni na riƙe hannunsa na hagu. Aka sa masa robar ƙarin ruwa, aka ɗaura na'urar awon jini da ta bugun zuciya, duk kamar wanda za a sa barci, kuma tun dare bai ci komai ba, domin in allurar ba ta kama sosai ba dole a koma ga maganin barcin. Likita ta ɗora kan na'urar sikanin a hammatarsa, irin wadda ake duba masu ciki da ita. A allon sai ga babbar jijiyar jini baƙa, zagayayya, tana harbawa, jijiyoyin ji kuma kewaye da ita kamar saƙar zuma. Ana ganin tsinin allura yana matsowa, ana ganin maganin yana kewaye kowace jijiya. Kafin kowane ɗan turi sai a ja sirinji baya a duba ko jini zai fito, saboda in maganin ya shiga jini da yawa yana iya kawo jijjiga ya taɓa zuciya. Alamun farko su ne ɗanɗanon ƙarfe a baki, ƙara a kunne, da sagewar leɓe. Shi ya sa likita ba ta bar shi ya yi shiru ba: "Baba, yaya bakinka? Kunnenka fa?" Maganin da ake karya wannan guba da shi, wani ruwan mai ne fari kamar madara, yana ajiye kusa.

Cikin minti 20 ya ce hannun ya yi ɗumi, sai minjirya, sai nauyi. Aka ce ya ɗaga, ya kasa. Likita ta goga masa auduga mai sanyi, ya ce bai ji sanyi ba amma ya ji an taɓa shi, nan take ya tsorata. A nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Jin zafi da jin sanyi su ke fara tafiya, jin taɓi da dannawa su ke zama na ƙarshe, wani lokaci ma ba sa tafiya gaba ɗaya. Wanda aka gaya wa haka tun farko, in ya ji ana jan hannunsa sai ya natsu. Wanda ba a gaya wa ba sai ya ɗauka allura ba ta kama ba, jininsa ya hau, ya fara fizge-fizge.

Aka yi labule da ƙyalle tsakanin fuskarsa da hannun. Ya ji ƙarar injin huda ƙashi, ya matse hannuna, ya ci gaba da salati. Can sai ya tambaye ni ko ƙanena ya je kasuwa ya karɓi kuɗin kwandunan nan. Da la'asar ya sha koko, babu amai, babu ciwon maƙogwaro irin na wanda aka zura wa bututun numfashi, asmar ma ba ta motsa ba.

Mutanenmu suna ɗaukar wannan hanya sabon abu ne, ko kuma araha ce ake yi wa talaka. Ta haura shekara ɗari. A 1884 wani likita a Biyana, babban birnin Ostiriya, mai suna Carl Koller, ya nuna cewa ɗigon ruwan koken, wato hodar iblis, na kashe zafi a ido har a yi aiki. A 1898 August Bier ya yi allurar baya ta farko don tiyata a garin Kiel na Jamus, har shi da mataimakinsa suka gwada a jikinsu, suka sha ciwon kai na kwanaki. Lidokain kuwa a Suwidin aka haɗa shi a 1943.

Tunda na ambaci allurar baya, bari in tsaya a kanta, don ita na fi jin ana zagi a gidan suna. Mace ta haihu ta hanyar tiyata, bayan shekara biyu bayanta na ciwo, sai a ce allurar nan ce. Lakar babban mutum tana ƙarewa ne a saman ƙugu, allurar kuma ƙasa da nan ake yin ta, cikin ruwan da jijiyoyi ke ciki. Wurin yakan yi tsami na 'yan kwanaki, amma binciken likitoci bai nuna tana jawo ciwon baya mai daɗewa ba. Ciki da goyo da sunkuyon wanki sun isa su gajiyar da baya. Matsalolinta na gaskiya daban ne: jini yakan sauka bayan an yi ta, shi ya sa ba ma ɗauke ido daga na'ura, kuma wasu kan samu ciwon kai da ke tsananta in an zauna, ya lafa in an kwanta. Siraran alluran yanzu sun rage shi ƙwarai, kuma yana da magani. Mai shan maganin tsinka jini kuwa dole ya faɗa kafin a taɓa bayansa. A tiyatar haihuwa ita aka fi so, uwa ta ji kukan farko na ɗanta da kunnenta.

In koma ga Baba. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne daren ranar. Bufibakain a hannu yakan yi awa takwas zuwa goma sha biyu, wani lokaci fiye. An rubuta masa farasitamol da wani maganin da zai fara sha tun hannun yana sage. Da isha na kawo masa, ya ce, "Uwata, wane magani kuma, ga ni lafiya lau?" Na ga yana murmushi karon farko cikin kwana shida, sai na ƙyale shi. Wajen ƙarfe biyu na dare allurar ta sake shi gaba ɗaya. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ya riƙa nishi yana kiran sunan Allah, ya ce kamar an zuba masa garwashi a cikin ƙashi. Sai da aka yi masa allura mai ƙarfi, aka kusan awa guda, kafin ya samu barci. Na san hakan na faruwa, na sha gaya wa 'yan uwan majiyyata, amma da ya zama ubana ne sai tausayi ya hana ni matsa masa. Har yau abin yana damuna.

Amfanin wannan allura ai har da rage buƙatar magunguna irin su tiramadol, waɗanda muka ga ɓarnarsu a kan matasanmu, kamar yadda muka gani da kodin har gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. In aka bar zafi ya dawo da ƙarfinsa, sai a koma ga abin da ake gudu.

Tun daga ranar, duk wanda aka yi wa allurar hannu ko ta ƙafa, sai na rubuta lokacin da aka yi ta a takarda na ba mai jinyarsa, na sa ya saita ƙararrawa a wayarsa a gabana. Ina gaya musu hannun da ya sage ba ya jin wuta, kada a kai shi kusa da kaskon garwashi saboda sanyi, a rataye shi a wuya da ƙyalle, kada a kwanta a kansa. In kwana ya zagayo bai fara dawowa ba, ko yatsu suka sauya launi, a kira mu ko tsakar dare ne.

Baba ya koma Farin Gada bayan wata biyu. Makon jiya maƙwabcinsa a kasuwa, wanda za a yi wa aikin gwaiwa, ya zo gida neman shawara. Ina kicin na ji Baba yana ce masa, "Ka yarda a yi maka ta baya. Amma maganin da za su ba ka da dare, ka sha shi ko ba ka jin komai."