Wasiƙa daga Ingila zuwa ga malaman Turanci na jami'o'in Katsina

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri ga malamaina da abokan aiki na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Alƙalam da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, har da 'yan uwa na Daura. Ya ɗalibai, ya haƙuri da wuta?

Labari yana iso mu nan cewa yara sun daina rubutu, manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ChatGPT ke yi musu aikin gida, har wasu na cewa a sayo manhajar da za ta riƙa kama su. Don Allah a dakata kafin a zuba kuɗi. Turawa sun riga mu bin wannan hanya, kuma ba ta ɓulle da su ba.

ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022. A Afrilun 2023 kamfanin Turnitin ya fitar da manhajar gano rubutun ƙirƙirarriyar basira. Shi kuwa OpenAI, wanda ya ƙera ChatGPT ɗin da kansa, a watan Yulin wannan shekara ya janye tasa manhajar ganowar saboda yawan kuskurenta. Abin da ya fi shafarmu shi ne binciken masana na Jami'ar Stanford ta Amurka, shi ma a 2023. Sun gwada irin waɗannan manhajoji guda 7 da rubuce-rubucen jarrabawar gwajin Turanci ta TOEFL na mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne, sai manhajojin suka ce fiye da rabi na'ura ce ta rubuta, alhali mutane ne. Rubutun 'yan makarantar Amurka kuwa kusan duka ya tsallake.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Manhajar tana duba ko kalmomin da aka jero irin waɗanda ake sa rai ne, ba sauyi ba ado. To wane ne ke rubutu haka? Yaron da ya taso a Mashi ko Mai'aduwa, wanda Turancinsa na aji ne, 'yan kalmominsa ƙididdigaggu, yake lallaɓa su kada ya yi kuskure. Shi za a gurfanar gaban kwamitin satar amsa. Mai wayon da ya ce wa na'urar ta sake fasalin rubutun ya wuce abinsa. Kura ta ci akuya, an kama kare.

Ban ce a kori na'urar daga aji ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ɗaruruwan 'yan aji ɗaya a darasin GST, wato darasin bai-ɗaya da kowane ɗalibi ke ɗauka, ya san babu malamin da zai iya duba rubutun kowa duk mako, balle ya saurari bakin kowa. Nan ne amfaninta yake. Ɗalibi ya rubuta sakin layi da hannunsa, sannan ya nemi ta nuna masa inda ya kauce da dalilin kaucewar, ba ta sake masa rubutun ba. Ya kawo wa malam duka biyun, na farko da gyararre. Haka matsalarmu ta p da f, da v da b, wadda ake ta yi mana dariya a kanta a kudu: wayar hannu za ta maimaita masa kalma har ya gaji, ba tsawa ba kunya.

Wani darasin da nake so ku gwada: a sa na'urar ta rubuta maƙala tare da sunayen littattafan da ta dogara da su, a tura ɗalibai laburare su nemo su. Sau da yawa za su tarar wasu ba a taɓa wallafa su ba, ƙirƙiro su ta yi.

Maki kuwa a mayar da shi inda ido ke gani. A nan malamai da dama sun koma jarrabawar zaure da tambayar baka. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kwalejin Katsina da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 ta yi suna ne da horar da ɗalibai kan furucin Turanci, kuma ita ta yaye Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda har yau ake sauraron jawabansa don daɗin lafazi. Minti 3 gaban malam, yaro ya bayyana abin da ya rubuta, sun isa a gane mai aikin. Na san yawan ɗalibai zai sa a ce ba zai yiwu ba. A kasa su rukuni-rukuni, ƙananan malamai da masu digiri na biyu su taimaka.

Kuɗin da za a ba kamfanin kama ɓarayi, gara a sa sola da intanet a ɗakin koyon harshe, domin yarinyar da ba ta da kuɗin data ita ma ta samu shiga. Wannan roƙo ne ga shugabannin sassa, ku kai shi majalisar jami'a.

A gaishe min da mutanen Ƙofar Soro da na Kangiwa. Sai na zo hutu, in Allah ya yarda.

Ɗan uwanku a Ingila.