Yadda katun ɗin Japan ya koya mini rubuta mai son kansa

Ina rubuta labarai ne irin waɗanda ake saki shafi-shafi a WhatsApp, kuma duk wadda ta san harkar ta san al'adarmu: mugu sai ya ga sakayya tun a duniya. Kishiyar da ta shiga bokaye ta haukace a shafin ƙarshe, kawun da ya cinye gadon marayu ya ƙare a kan keken guragu, jaruma kuwa ko da wasa ba ta ƙarya. Da na zo rubuta labarin wata dillaliya, mai shiga gidajen matan aure da atamfa da humra tana fitowa da sirrinsu, sai wannan al'adar ta ƙi yi mini aiki. Matar ba muguwa ba ce, amma ribarta kawai ta sani. Ƙanena, wanda ba ya rabuwa da katun ɗin Japan da ake kira anime, ya ce, "Yaya, irin mutanen da kike nema ai can suka cika." Ya tura mini wasu a waya.

Da biro a hannu na kalle su. Na raba takarda gida biyu: duk sanda mai son kan ya yi wani abu, in rubuta abin da ya samu a dama, abin da wani ya samu ko ya rasa a hagu.

Wanda ya fi cika mini takarda shi ne Reigen Arataka na Mob Psycho 100, da aka fara haskawa a 2016. Ya buɗe ofis wai yana korar aljanu da fatalwa, alhali ko inuwarsu ba ya gani. Wanda ya zo da nauyin kafaɗa yana zaton aljani ne ya haye shi, Reigen ya yi masa tausa ya karɓi kuɗi. Wanda ya kawo hoto da fatalwa a ciki, ya goge ta a kwamfuta. In abu ya yi tsamari ya watsa gishirin miya. Idan kuwa aljanin na gaske ne, sai ya kira Mob, wani ɗan makaranta mai baiwar gaske, ya yi aikin, ya sallame shi da yen 300 a kowace awa, kuɗin da bai kai rabin mafi ƙarancin ladan aiki a Japan ba. Damfara ce tsagwaronta. Amma gida biyun takardata tare suke cika. Mai ciwon kafaɗa ya tafi da sauƙi. Mob kuma a bakin wannan maƙaryacin ya ji cewa baiwarsa ba ta sa ya fi kowa ba, kada kuma ya kuskura ya juya ta kan mutane. Don yaron aka yi nasihar, ko don kada ya san darajarsa ya gudu? Ni dai na rubuta ta a gida biyun. A zango na biyu, na 2019, da Mob ya fara samun abokai yana ƙin amsa kira, Reigen ya kushe masa su da magana mai ciwo, don kawai kada ma'aikacinsa mai araha ya kuɓuce. Nan na gane cewa alherin irin wannan mutum sai ya zama shi ma yana biyansa, in ba haka ba mai karatu zai ce tuba ya yi.

Haka na yi wa dillaliyata. Ta taimaki wata amarya ta sayar da 'yan kunnenta na gwal a ɓoye don a biya kuɗin asibitin mahaifiyarta, ta kuma rufa mata asiri wajen miji. Sai dai ta ninka la'adarta, kuma daga ranar amaryar ba ta isa ta ƙi sayen kayanta ba.

Wasu ba su amfane ni ba. Nami ta One Piece tana sata tana cin amanar abokan tafiya, amma daga baya sai ka ji ashe miliyan 100 na kuɗinsu take tarawa don ta fanshi ƙauyensu daga hannun ɗan fashin teku Arlong. Da an faɗi haka an wanke ta tas, ta koma cikin jaruman kirki. Light Yagami na Death Note kuwa tun da wuri ya ɗauki kansa abin bauta, babu sauran ruɗani a kansa. Faye Valentine ta Cowboy Bebop, na 1998, ta fi su ba ni abin ɗauka. Ta farka daga barcin ƙanƙara na shekara 54, wato an daskarar da ita ne da ranta, ba ta tuna ko wace ce ita, ga bashin asibiti a wuyanta, mutumin farko da ta yarda da shi kuma ya ƙara jibga mata nasa bashin. Ka san daga inda kwaɗayinta ya fito, amma sanin bai hana ta kwashe kuɗin abokan zamanta ta kai caca ba, kuma ba wanda ya ce ka yafe mata.

Wanda ya hana ni barci shi ne Askeladd na Vinland Saga, 2019. Shugaban mayaƙan haya ne a zamanin da 'yan Denmak ke cin Ingila da yaƙi, wajajen 1013. An biya shi ya kashe jarumi Thors. Thors ya kayar da shi a fito-na-fito, amma aka yi garkuwa da ɗansa Thorfinn, aka harbe uban da kibau. Yaron ya bi Askeladd sama da shekara goma yana neman fansa, shi kuwa ya mayar da ƙiyayyar jari: yi mini aiki mai haɗari, in ba ka damar gwabzawa da ni. Akwai inda hunturu ya ritsa da rundunarsa, ya shiga wani ƙauyen Ingila ya sa aka karkashe mutanen, manya da yara, don ya ci abincinsu kuma kada wani ya kai labari. Yarinya guda ce ta tsira. Sannan a ƙarshe mutumin nan ya sare kan Sarki Sweyn na Denmak, ya yi kamar ya zautu don Yarima Canute, ɗan sarkin, ya kashe shi ya hau mulki, duk don ya tsare Wales, ƙasar mahaifiyarsa wadda ta yi zaman bauta. Ya ba da ransa, gaskiya ne. Amma na koma shafin ƙauyen nan na ga babu abin da ya goge daga gidan hagu. Ko sadaukarwar tasa ma, tasa ƙasar ya tsare. So duka so ne, amma son kai ya fi. Ƙanena yana ganinsa gwarzo, ni ba na gani, kuma mun yi ta musu har Mama ta ce mu tashi mata daga tsakar gida.

Daga wajen Askeladd na ɗauki abin da ya fi wuya a harkarmu: ƙin yanke hukunci a madadin mai karatu, tare da ƙin ɓoye masa wanda aka cuta. Dillaliyata ba ta haukace ba, ba ta kuma zo tana kuka tana neman gafara ba. Wata magana da ta kai daga wani gida zuwa wani, don a ba ta cinikin kayan lefe, ta kashe auren wata yarinya. Na bar yarinyar tana fitowa har shafukan ƙarshe, a ɗakin mahaifiyarta, da goyo, tana ɗinki. Dillaliyar kuwa tana nan tana ciniki, gida ɗaya ne aka rufe mata ƙofa. Ita ce ma ta samo wa yarinyar keken ɗinkin, bashi, da riba a kai.

Wasu masu karatu sun yi fushi ƙwarai. Wata ta rubuto mini, "Haba Anti, wannan ai koya wa mutane cuta ne, ina sakayyar?" Wata ta ce dillaliyar unguwarsu sak, har ta daina sakin baki in ta shigo. Akwai waɗanda suka daina karantawa, kuma ban ga laifinsu ba, tunda da yawanmu wa'azi muke nema a labari. A wanda nake rubutawa yanzu mai son kan ɗan kamasho ne a tasha, kuma takardarsa ta riga ta fara cika a gidan hagu, har na rasa alheri guda da zai yi wanda zai biya shi.