Batti gayo: labarin ƙanena na Katmandu

Jiya da daddare bhai ya turo min saƙon murya, minti shida cur, ya faro daga tsadar albasa ya bi ta kan harajin Trump ya faɗo kan gwiwar buwa da ke ciwo, sannan a ƙarshe ya ce wai dai ka san har yau aama ta ƙi yarda a sayar da batirin inbatan nan? Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki kamar wani taɓaɓɓe. Batirin nan na san shi, ni da shi muka ɗauko shi daga shago muka hau da shi bene muna nishi, ya kusa tsinka min baya.

Bhai da yaren Nepali ƙane ke nan, shi kuma yana ce min dai, wato yaya. A can ba a cika kiran mutum da sunansa gatsal ba, mai shago dai ne, mai sayar da shayi didi ce, tsohuwa aama, tsoho buwa, to ni ma haka na bi har na kusa manta sunansa na gaskiya. Aiki ne ya kai ni Katmandu, babban birnin Nepal, a tsakiyar 2015, 'yan watanni bayan girgizar ƙasar 25 ga Afrilu da ta ci rayuka kusan 9,000, na kama hayar ɗaki a saman gidansu wajen Baneshwor. Lokacin shekararsa 19, yana zuwa kwaleji da sassafe, da rana kuma yana taya wani mutum aiki a shagon gyaran inbata da batir.

Kalmomin farko da na koya a ƙasar, tun kafin na iya gaisuwa da kyau, su ne batti gayo da batti ayo. An ɗauke wuta, an kawo wuta. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ɗauke wutar tasu da jadawali take, sun raba gari rukuni-rukuni, ana buga jadawalin a jarida, kowane gida an yanko an manna a bango ko a ƙofar firij, daga baya har manhaja aka yi ta waya da za ta gaya maka saura minti kaza a ɗauke maka. Kuma wallahi ana cika alkawari wajen ɗaukewa, ƙarfe biyar in an ce biyar. Lodshedin suke kiransa. A tsakiyar hunturu abin ya haura awa 12 a rana, bhai ya ce ai wannan wasa ne, a 2009 sun ga awa 16, yana yaro yana karatun jarrabawa da kyandir har gashin gabansa ya taɓa ƙonewa.

Duk rayuwar gidan a kan takardar nan take juyawa. Ruwa yana taruwa a tankin ƙasa, sai an kunna injin ya tura shi tankin kan rufi, don haka in ba wuta ba wanka. Idan jadawali ya ce wutarmu ƙarfe biyun dare za ta zo, to biyun dare za ka ji aama ta tashi, injin ruwa na gurnani, ana guga, an jona tukunyar shinkafa, wayoyi biyar a soket ɗaya. Da safe ta dafa dal bhat, shinkafa da romon wake da ɗan ganye da yaji a gefe, da dare ma dal bhat, gobe ma haka, kuma ban taɓa jin wani a gidan ya ce ya gaji da shi ba. Ni dai a wata na biyu na fara satar jiki ina zuwa cin momo, ɗan ƙullin fulawa mai nama a ciki, a bakin titi.

Wata rana muna kan rufi muna shan rana, don gidajen nan da sanyi sun fi waje sanyi, na tambaye shi wai ƙasar da ruwa ke gangarowa daga Himalaya ta ko'ina ya za a yi ta rasa wuta? Ya ɗauko kofin shayinsa ya karkata shi. Ya ce dai, injinanmu kusan duka a kan gudun kogi suke, ba su da madatsar da ke tara ruwa, in ka cire Kulekhani. Da damina koguna sun cika wuta ta yi yawa, da rani ruwa ya ja baya, ƙanƙara ba ta narke ba tukuna, abin da ake samu ya faɗi ƙasa warwas, daidai lokacin da kowa ke son hita. Sai ya ɗaga kafaɗa ya ce ke garne. Wannan ke garne ɗin ma'anarta ya za a yi, kuma a bakin kowa take, mota ta lalace ke garne, an sake canza firaminista ke garne, har na fara faɗarta ni ma ban sani ba.

Sai ga rufe iyaka. A ranar 20 ga Satumba 2015 aka ƙaddamar da sabon kundin tsarin mulki, al'ummar Madhesi na kudu suka ce an tauye su, suka zauna a kan gadar iyaka ta Birgunj, tankokin mai suka daina shigowa daga Indiya. Gwamnatin Nepal ta ce Indiya ce ta toshe da gangan, Indiya ta ce ba ruwanta direbobinta ne ke tsoro. Ko ma wane ne, mu dai a Baneshwor gas ya ƙare. Na ga layin jajayen silinda an zura musu igiya ɗaya an ɗaure don kada wani ya yi tsallake, layin ya sha kwana ya shiga wani lungu, mutane na kwana a gefensa. Fasinjoji a kan rufin bas. Aama ta koma hura itace a tsakar gida, hayaƙi ya cika mana ɗakuna, ga mutanen da girgizar ƙasa ta rushe wa gida suna kwana ƙarƙashin kwano a cikin wannan sanyi. Sai Fabrairun 2016 aka buɗe.

A wannan layin silindar na fara jin siyasar bhai. Muna zaune a kan silindarmu da dare ya ce dai, sarkin da ya haɗa ƙasar nan, Prithvi Narayan Shah, ya ce Nepal doya ce tsakanin duwatsu biyu, Indiya da Sin. Ya ce a makaranta an koya musu kamar abin alfahari, sai yanzu ya gane doya ba a tambayarta ra'ayi. Kuɗinsu ma a ɗaure yake da na Indiya, rupi 100 na can rupi 160 na nan, ba ya motsi. Na ce to ku koma wa Sin mana, ya yi dariya ya nuna min arewa da haɓa, ya ce ka ga tsaunukan can? Hanyar ma girgizar ƙasa ta cinye ta. Kuma wanda ya ba ka bashi yau gobe shi zai zaɓa maka inda za ka zauna.

Abin da na lura da shi, kuma shi ya sa nake son hira da yaron nan, labarin duniya a wurinsa tamkar labarin cikin gida ne. Yayansa na Katar yana aikin gini, kuɗin da yake turowa su suka sayi inbatan, su ke biyan kuɗin kwaleji. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikin ƙasar daga irin wannan turowar yake. Don haka in an ce farashin mai ya faɗi a Gabas ta Tsakiya, bhai zai fara lissafin ko za a sallami ma'aikata. Ya taɓa raka ni filin jirgin Tribhuvan, muna tsaye sai ga samari sun yi layi da jakunkuna iri ɗaya, an shafa musu jan tika a goshi, iyaye mata na kuka, ta ɗaya ƙofar kuma ana turo wani dogon akwati a kan keken kaya. Bai ce komai ba, ya dai cire hularsa. Lokacin gasar cin kofin duniya ta 2022 ya rubuto min cewa yana kallo, yana son Ajantina kamar rabin unguwarsu, amma duk sanda aka hasko filin wasan sai ya tuna hannun wa ya ɗora shi.

Haka yaƙin Yukren, ni ina kallonsa a matsayin rigimar Rasha da Turawa, shi kuwa yana ba ni labarin samarin ƙauye da dillalai suka kwasa zuwa sojan Rasha, har gwamnati ta dakatar da ba da izinin zuwa aiki can a farkon 2024. Harin 7 ga Oktoba 2023 ma akwai ɗaliban Nepal 10 da suka mutu a wata gona a Isra'ila, sun je koyon noma. Ya ce dai, mu ba mu da abokin gaba ko ɗaya a duniya amma duk inda aka yi harbi sai an kawo mana gawa. Mun yi gardama da shi sosai kan Gaza, ba a komai muka yarda da juna ba, shi yana farawa daga gawar 'yan ƙasarsa ni ina farawa daga wani wuri, amma bai taɓa ce min jinin wani ya fi na wani ba.

To bari in koma kan wuta, don nan ne labarin yake. A Satumbar 2016 aka naɗa Kulman Ghising shugaban hukumar lantarki ta NEA. Ƙarshen Oktoba aka yi bikin Tihar, bikin fitilunsu, wanda har karnuka ake rataya wa furanni a wuya. Daren Laxmi Puja kowane gida ya kunna ƙananan fitilu tun daga rufi har ƙasa, lokacin da aka fi jan wuta a shekara ke nan, muna kan rufi muna jiran a ɗauke. Ba a ɗauke ba. Washegari ba a ɗauke ba. Mako ya wuce aama na ta cika bokitai da ruwa tana cewa tarko ne, za su rama. Takardar jadawalin ta zauna a ƙofar firij har ta yi ja.

Ba wata sabuwar babbar madatsa aka buɗe a daren ba fa. An ƙara sayo wuta daga Indiya, an gyara injinan da ke zaune, an bi masu satar wuta, sannan babban abin, wasu manyan masana'antu da ke shan wuta awa 24 ta layi na musamman aka rage musu a lokacin da gidaje suka fi buƙata. Zuwa Mayun 2018 aka sanar an gama da lodshedin a ƙasar baki ɗaya. Ni na ɗauka bhai zai yi ta murna. Ya yi, kwana biyu. Daga nan sai fushi, irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya ce dai, shekara goma ana ce mana laifin kogi ne. Shekara goma ina karatu da kyandir. Ashe wutar tana nan, wani ake ba wa. Ga shi kuma shagon inbatan da yake samun na kashewa ya mutu murus cikin 'yan watanni, mai shagon ya koma sayar da tukunyar lantarki. Ni a ganina ya ɗan wuce gona da iri, ƙarancin ruwan rani gaskiya ne, har yau da hunturu sai sun sayo daga Indiya. Amma tun daga lokacin ban ƙara jin ke garne a bakinsa ba, ko sau ɗaya, kuma na kasa kunne.

Na baro ƙasar a farkon 2017. Sauran labarin a waya na bi shi. An gama tashar lantarki ta Upper Tamakoshi mai megawat 456 a 2021, da damina yanzu su ke sayar wa Indiya wuta, har Bangaladash ta fara saye. Motocin lantarki na Sin sun cika Katmandu, bhai ya koma haɗa wayoyin gidaje da kafa wuraren cajin mota, ya ƙi tafiya Katar duk da yayansa ya nemo masa hanya sau biyu. A Maris 2025 gwamnati ta cire Ghising ana saura 'yan watanni wa'adinsa ya cika, ranar saƙon da ya turo min ba zai rubutu a nan ba.

Da aka toshe Facebook da YouTube da WhatsApp da sauransu, shafuka 26, a farkon Satumbar 2025, kwana huɗu ban ji ɗuriyarsa ba. Ranar 8 ga wata matasa suka fito, majalisar dokokin kuma lokacin a Baneshwor take, tafiyar ƙafa ce daga gidansu. An kashe mutum 19 a ranar. Washegari firaminista K.P. Sharma Oli ya sauka, aka banka wa majalisa da sakatariyar gwamnati ta Singha Durbar da kotun ƙoli wuta, kafin ƙura ta lafa mamata sun haura 70. Da ya samu ya kira ni muryarsa a dishe. Ya ce ya fita ranar farko, wai da ƙyar ma ya shiga sahun 'yan Gen Z, wato matasan da suka yi zanga-zangar, don shi haihuwar 1996 ne, yara 'yan makaranta da yunifom a gabansa. Ya ce maganar toshe intanet ashana ce kawai, mutane sun gaji da tsofaffi uku da ke karɓa-karɓa da kujera ɗaya yayin da 'ya'yan manya ke ɗora hotunan hutu a Turai. Ƙone-ƙonen kuwa bai goyi baya ba, ya ce da kuɗin yayana za a sake ginawa. Bayan kwana uku aka rantsar da Sushila Karki, tsohuwar alkaliyar alkalai, mace ta farko a kujerar firaminista, Ghising kuma ya dawo a matsayin ministan makamashi. Na ce to ka samu abin da kake so, ya ce dai a bari mu ga hunturu tukuna.

Batirin dai yana nan ƙarƙashin matakala an rufe shi da tsohon zani. Bhai ya ce ya mutu tun tuni, ko fitila ɗaya ba zai kunna ba, ya samu mai sayen ƙarfe zai ba da rupi dubu biyu, aama ta ce a bar mata kayanta. Wai har yanzu duk wata sai ta ɗaga zanin ta ƙara masa ruwa.