Falle ɗaya na MoS2 a lokacin hazo

Laraba, Birnin Kebbi.

Aikin yau a ɗakin gwaji ɓare MoS2 ne, haɗin molibdinum da sulfa, baƙin sinadarin nan da ake zubawa a wani giris na makanikai. Abin da ya ba shi santsi shi ya sa muke nemansa: falle-falle yake, kowane falle ya riƙe kansa gam, amma tsakanin falle da falle riƙon sako-sako ne. Kaurin ɗaya kusan nanomita 0.65 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita).

Da salatif ake ɓarewa, dabarar da Geim da Novoselov suka fitar da grafin, wato falle ɗaya na kabon, da ita a Mancesta a 2004. Mun wanke guntun silikon mai rufin oksaid na nanomita 285 a sinadaran wanki, asiton sannan isopropanol, minti 5 kowanne, aka busar. Wannan kaurin rufin shi ke sa falle ya fito da launi dabam a ƙarƙashin madubin ƙara girma. In babu shi, ka wuni kana dubawa ba ka ga komai ba. Salatif kuwa kada a yi ta ninka shi a kansa, ninki 4 ko 5 ya isa, fiye da haka sai gutsattsari. A manna a kan silikon, a ɗora a wuta digiri 100 na minti 2, a bari ya huce, a ɗaga a hankali.

Hazo ne ya fi ba da wahala. Ƙwayar ƙura ɗaya ta ninka fallen kauri sau dubbai, idan ta shiga tsakaninsa da silikon ba ya mannewa. Dole a rufe guntun da zarar ya bushe, a kashe fanka.

Da la'asar aka gwada na'urar jin haske da aka haɗa da fallen MoS2 makon jiya, mai ƙafafun titaniyum da zinariya da lantarki ke bi ta cikinsu. Ana haska ta lantarki ya tashi, amma da aka kashe fitila ya daɗe bai sauko ba. Gurabun da sulfa ya ɓace, da danshi da iskar oksijin da suka zauna a kan fallen, su ke riƙe cajin su sake shi sannu a hankali. Amsar tana da ƙarfi, sauri ne babu.

Abin da ya sa ake wannan wahalar: giɓin makamashin dunƙulen MoS2, wato ƙarfin da haske ke buƙata kafin ya motsa caji a cikinsa, kusan 1.2 eV ne (eV ma'aunin wannan ƙarfin ne), kuma ba kai-tsaye ba, wato haske ba ya motsa cajin cikin sauƙi. A falle ɗaya ya koma kai-tsaye, kusan 1.8 eV, kamar yadda aka nuna a 2010. Sai dai falle ɗaya ba ya shan fiye da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na hasken da ido ke gani. Don haka a ganina na'urar jin haske ce za ta fara cin moriyarsa. Solar saman rufi, wadda masu ban-ruwa a fadamun Argungu ke tayar da famfo da ita, silikon zai ci gaba da riƙe ta tukuna.

Gobe, in Allah ya kai mu, za a gasa na'urar a digiri 200 cikin iskar argon na awa 2, a sake auna lokacin saukowar.