Talata, baƙon dauro a gidan maƙwabta

Yau tun da safe hankalina bai kwanta ba, baƙon dauro ya fito wa yaron maƙwabtanmu nan Ƙofar Ƙaura, idanu jawur ga tari ga zazzaɓi, kuma shekaranjiya yana tsakar gidanmu yana wasa da Ummi, ni kuwa ga Sadiq watansa bakwai a baya.

Inna ko a jikinta, ta ɗauki mayafi za ta dubiya. Na ce Inna ku bari mana sai ya warware, ta ce ke 'yar nan ni da na yi shi tun ina yarinya a Daura har ya kusa tafiya da idona, mi zai yi mani yanzu? Kuma wallahi gaskiyarta, da na kai Sadiq asibitin unguwa malamar ta ce wanda ya taɓa yin ƙyanda ya gama da ita har abada, shi ya sa tsofaffi ba a cika jin tsoro a kansu ba, a zamaninsu kusan babu yaron da ke tsallakewa, allurar ma sai 1963 aka fara samunta a Amurka balle ta iso nan. Ba wai tsufa ke karewa ba, wahalar suka riga suka sha.

Matsalar su Sadiq ce. Jariri yana zuwa da kariyar uwarsa tun daga ciki, sai ta dinga raguwa wata bayan wata, allura kuma sai wata 9 don in an yi da wuri kariyar uwar na iya hana ta kamawa sosai, to tsakanin nan yaro a buɗe yake. Wai mu da allura aka yi mana ma kariyar da muke ba jarirai ta fi saurin ƙarewa fiye da ta irin su Inna, abin ya ba ni mamaki gaskiya. Ga cutar kuma tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mara lafiyan ya fita.

Ummi dai na duba katinta, ta wata 9 da ta wata 15 duk an yi, Alhamdulillah. Abbansu da na tambaye shi nasa katin dariya kawai ya yi, ya ce in tambayi Inna. Sadiq an ce in sa mai ido, zazzaɓi ko jan ido in dawo da shi maza, kuma babu shiga gidan suna da shi satin nan, ko wa zai ji haushi ya ji.