Aikin kai baƙi Castelbouc

Ƙaramin kamfani gare ni a kudancin Faransa, bas ɗaya ce da yaro ɗaya da ke taya ni, muna kai 'yan yawon buɗe ido kwazazzabon kogin Tarn a yankin Lozère. Kogin ya ratsa tsakanin tuddai biyu, Méjean da Sauveterre, tsawon wajen kilomita 50, zurfinsa a wasu wuraren ya haura mita 400, tun 2011 kuma yankin yana cikin wuraren tarihi na UNESCO.

Amma wurin da ya fi kwanta min a rai shi ne Castelbouc, ɗan ƙauye ne kusa da Sainte-Enimie, gidajen a manne suke da dutse, wasu ma dutsen ne bangonsu na baya, rufin kuma faffaɗan duwatsu ne aka jera ɗaya kan ɗaya, a can ƙololuwa ga kufan wata tsohuwar fada mai ganuwa da aka rushe a 1592. Wallahi duk wanda na kai sai ya yi shiru tukuna kafin ya ciro waya.

To aikin fa ba tuƙi kaɗai ba ne. Gadar da ake tsallakawa a shiga ƙauyen ƙasa-ƙasa take, dab da ruwa, da gangan aka yi ta haka don in kogi ya kawo ruwa ya bi ta kanta ya wuce, kuma a nan da kaka ruwan sama kan sauko kamar da bakin ƙwarya, cikin awanni kaɗan sai ka nemi gada ka rasa. Shi ya sa kullum kafin in kunna mota sai na duba Vigicrues, shafin gwamnati na ambaliya, in ruwa ya hau sai in kira kwastoma in ba da haƙuri in mayar da kuɗi, wasu su ji haushi, ni dai ba zan saka ran mutum a haɗari ba.

Sai batun takalmi, lungunan ƙauyen a ƙafa ake bin su kuma dutsen na da santsi, mai silifas ba na barinsa ya hau sama.

Abin da na fi tsanantawa shi ne mutane takwas kawai nake ɗauka, ko da ciniki ya yi yawa. Akwai masu zama a gidajen nan, ba gidan kallo ba ne, tun a mota nake faɗa wa baƙi kar a leƙa taga, kar a ɗaga murya, a gaida duk wanda aka tarar a ƙofar gidansa.