Wutsiyar Kalma a Turkanci

Watana na biyu a Konya, wani birni a ƙasar Turkiyya, wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta tare ni a bakin ƙofa ta tambaye ni daga ina na fito. Na ce mata, "Kano." Ta ɗaga yatsa ta gyara mini: "Kano'dan, oğlum." Wato daga Kano, ɗana. Wannan "daga" da muke sawa a gaba, su Turkawa a wutsiya suke maƙala shi.

Tun ranar nake sauraron ƙarshen kalma kafin farkonta. Gida shi ne ev. Zuwa gida eve, a gida evde, daga gida evden. Amma makaranta, okul, sai ta ɗauki okula, okulda, okuldan, don wasalin ɗafin, wato ɗan guntun da ake maƙala wa kalma a wutsiya, yana bin sahun wasalin ƙarshe na kalmar. Wasula 8 gare su, kuma kunne ya fi littafi saurin kama wannan.

Inda zuciyata ta kwanta shi ne mallaka. 'Yan ajinmu da yawa sun sha wuya da evim, evin, evimiz, ni kuwa sai na ji kamar ina tsakar gidanmu: gidana, gidanka, gidanmu. Mu ma a jikin suna muke liƙa mai abu, ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Sai dai su suna jera ɗafi bisa ɗafi har kalma ta yi tsawo: evlerimizden, daga gidajenmu. Gidan Ali kuwa Ali'nin evi ne, mai gida a gaba, kuma kowace kalma da nata ɗafin.

Abin da har yau nake jin rashinsa shi ne bambancin namiji da mace. Evi gidansa ne, gidanta ne. Evinde ma ya fi haka, yana iya zama a gidanka, a gidanki, a gidansa ko a gidanta, sai zancen ya nuna. Bakin da ya tashi da "ka" da "ki" yakan ɗan tsaya a nan.

Jiya dattijuwar ta kawo mini miya a kwano, ta ce, "Annen nasıl?" Yaya mahaifiyarka? Na ce, "Annem iyi, teyze." Wato mahaifiyata tana lafiya, inna. Harafi ɗaya na canza, n ya koma m, uwar ta dawo tawa. Ta ce in gaishe ta idan na kira gida.